Fumfuna da Gyaɗar Kano: Tarihin Wani Zumunci



Duk wanda ya shiga kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Kano zuwa Katsina, zai ga abubuwa huɗu da a ido babu abin da ya haɗa su: ɗan dako, da buhun waken da ke kansa, da ƙwaron da ke huda waken, da fumfunar da ke kama gyaɗa in ta sha danshi. Masana kuwa suka ce duk gida ɗaya suka fito. Hujjarsu ita ce jikin kowannensu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin ƙwayar akwai wata cibiya mai nata rufi, inda aka adana bayanan gado. Ƙwayoyin bakteriya ba su da wannan cibiya.

Sanin haka bai zo a rana ɗaya ba. Robert Hooke na Ingila ya ga ɗakunan ƙwayoyin ta madubi mai kambama abu a 1665. Robert Brown ya raɗa wa cibiyar suna a 1831. Sai a 1925 Bafaranshe Édouard Chatton ya kawo kalmomin da ke raba masu cibiya, wato yukariyot, da marasa ita, kuma ba a rungumi rabon sosai ba sai bayan 1962. Ita kanta fumfuna an daɗe ana lissafa ta cikin tsirrai; yau an tabbatar ta fi kusa da dabbobi.

To, ina ruwan manomin Dawakin Tofa da wannan? Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama dukiyar ƙasar nan, har aka riƙa jera buhunanta dala-dala, kuma sunan Alhassan Ɗantata ya shiga tarihin cinikinta. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi sawu, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Burazil, wadda fumfunar Aspergillus flavus ta zuba wa guba. Aka kira gubar aflatoksin, daga baya aka tabbatar tana jawo sankarar hanta. Gyaɗar ba tamu ba ce, amma fumfunar tana cikin ƙasarmu, kuma daga nan masu saye na Turai suka fara awon gubar kafin su karɓi kaya. Ba ita kaɗai ta rushe dalar gyaɗa ba. Farin shekarun 1970, da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, da kuɗin man fetur sun fi ta ɓarna. Amma ita ce ta zauna.

A nan ne zumuncin da muka ambata ya zama matsala. Fenisilin yana kashe bakteriya ya bar mara lafiya, domin yana rushe wani bango ne da ƙwayar jikinmu ba ta da shi. Fumfuna da ƙwaro kuwa gininsu ya yi kama da namu, don haka da wuya a sami dafin da zai kama su ya ƙyale mu. Fiya-fiyar da wasu 'yan kasuwa ke zuba wa wake tana kashe ƙwaro ne ta hanyar jijiya, kuma irin wannan jijiyar ce a jikin yaron da zai ci waken. Saboda ragowar wannan magani Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. A ganina asarar kasuwar ita ce ƙaramar asara, tunda waken da Turai ta ƙi, mu muke dafa shi.

Dabarun da suka yi tasiri, abin mamaki, ba na dafi ba ne. Buhu mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007, yana hana ƙwaro iska har ya mutu. Kakanninmu ma sun san cakuɗa wake da toka ko yashi. Cibiyar IITA ta Ibadan kuwa ta zaɓo 'yan'uwan fumfunar nan marasa guba, ta ɗora su a kan gasasshiyar dawa, ta kira abin Aflasafe. Manomi yana watsa ta a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri.