Kalmar Gindin Falle: Darasin Marubutan Barno Ga Masu Rajistar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar tsohon Alƙur'ani rubutun Barno ya san ba a ɗinke fallayensa suke ba, kuma galibi ba su da lambar shafi. To, in iska ta watsa su, yaya ake mayar da kowanne gurbinsa? Marubucin yakan ajiye kalma ɗaya a gindin falle, wato kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Haka aka riƙa yi a daular da Mai Ali Gaji ya kafa wa Birnin Gazargamu kusa da kogin Komadugu wajen 1470, birnin da ya faɗi a 1808.

Masu kwamfuta ma sun ci karo da wannan matsala. Rumbun bayanai mai sunaye dubu ɗari ba ya shiga allo ɗaya, dole a rarraba shi shafi-shafi. Hanyar da aka fi sabawa ita ce ƙirge, da umarnin OFFSET na harshen SQL. In kowane shafi yana ɗauke da suna 50, kuma kana neman shafi na 2,000, sai na'ura ta bi ta kan sunaye 99,950 ta watsar kafin ta nuna maka naka. Ga ɓata lokaci, ga haɗari: in an goge suna ɗaya daga sama kana cikin dubawa, jerin zai gusa, wani suna ya tsallake ba ka gan shi ba. In kuma an ƙara, wani ya fito sau biyu.

Hanya ta biyu ita ce ta marubutan Barno. Na'ura ta riƙe lambar rajistar mutum na ƙarshe a shafi, ta nemi 50 da ke biye da ita. Tsarin fihirisa da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka wallafa a 1972 yana kai ta wurin kai tsaye, ba ƙirge. Aibinta ɗaya: ba a tsallakawa shafi na 700 farat ɗaya, sai an bi a jere.

Me ya shafe mu? Tun harin Boko Haram a Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, iyalai da yawa na Geskeru da ƙauyukan bakin Komadugu sun tashi sun koma gefen babban titi. Inda jama'a ke ƙaura, jerin ɗalibai kullum cikin canzawa yake, kuma irin wannan jeri ne ƙirge ke zubar wa suna. Suna ɗaya da ya zube yaro ne da zai iya rasa kujerar jarrabawa.

Don haka, malam, in an turo maka jeri shafi-shafi, gwada ƙarshen kowane shafi da farkon na gaba, ka kuma haɗa jimilla da rajistar ajinka. Iyaye kuma su nemi ganin sunan ɗansu da lambarsa da idonsu tun kafin a rufe rajista.