Gidan Abincin Dooky Chase: Kafuwarsa, Bunƙasarsa da Hidimar Leah Chase ga Jama'arta

Gidan abincin Dooky Chase, wanda ke kan titin Orleans a unguwar Tremé ta birnin New Orleans, cikin jihar Louisiana da ke kudancin Amurka, yana daga cikin wuraren sana'a ƙalilan da tarihinsu ya cuɗanya da na gwagwarmayar baƙaƙen fatar ƙasar har ba a iya raba su. Asalinsa ɗan shago ne da Edgar Chase, wanda ake yi wa laƙabi da Dooky, da matarsa Emily suka buɗe a 1939, inda suke sayar da tikitin caca da wani abincin talakawa da ake kira po'boy, wato dogon burodi da ake tsagawa a cusa masa nama ko soyayyen kifi. A 1941 shagon ya zama gidan abinci mai wurin zama. Ita kuwa Tremé tana cikin tsofaffin unguwannin baƙaƙen fata a Amurka, domin tun zamanin bauta 'yantattu daga cikinsu suka mallaki gidaje a can.

Ba za a fahimci ƙimar wannan gida ba sai an san dokokin da aka kafa shi a ƙarƙashinsu. A wancan lokaci jihohin kudu suna aiki da dokokin wariyar launin fata da ake kira Jim Crow, waɗanda suka raba baƙi da fari a makarantu da jiragen ƙasa da asibitoci da wuraren cin abinci, kuma daga birnin New Orleans ɗin ne shari'ar Homer Plessy ta taso, wadda a kanta Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wannan rabuwa a 1896. Sakamakon haka, baƙar fata yana iya zama kuku ko mai wankin kwanoni a manyan gidajen abinci na birnin, amma ba shi da ikon ya ja kujera ya zauna a ci da shi.

Wadda ta sauya akalar gidan ita ce surukar masu shi, Leah Lange, da aka haifa ranar 6 ga Janairu 1923, ta kuma tashi a ƙaramin garin Madisonville cikin iyali mabiya ɗarikar Katolika masu 'ya'ya da yawa da abin hannu kaɗan. Ta yi karatun sakandare a makarantar St. Mary's Academy ta New Orleans, daga baya ta yi aikin kai wa baƙi abinci a unguwar Faransawa ta birnin, inda ta ga da idonta yadda ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a jera cokula da tambulan, a tarbi mai cin abinci cikin girmamawa. A 1946 ta auri ɗan masu gidan, Edgar Chase ƙarami, wanda makaɗin jaz ne mai busa ƙaho kuma jagoran ƙungiyar makaɗa, sannan a shekarun 1950 ta shiga aikin gidan gadan-gadan. Ra'ayinta shi ne cewa mutanenta sun cancanci irin teburin da aka hana su, don haka ta kawo ƙyallayen tebur, ta gyara ɗakin cin abinci, ta kuma mayar da girkin gidan ga abincin Kiriyol da ta gada. Kiriyol suna ne na al'ummar Louisiana da al'adarta ta samo tushe daga cuɗanyar Afirkawa da Faransawa da Sifaniyawa da 'yan asalin ƙasar, kuma fitaccen abincinta shi ne gumbo, miya mai kauri da ake ci da shinkafa, wadda ake ganin sunanta ya fito daga kalmar kuɓewa a wasu harsunan Bantu. Duk wanda ya saba da miyar kuɓewa zai gane dangantakar ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Wannan gyara, ko da yake a zahiri dabarar kasuwanci ce, shi ne hidimarta ta farko ga jama'a, domin a nan ne iyalai baƙaƙen fata suka sami wurin da za su yi walimar kammala karatu ko ta aure ba tare da an nuna musu ƙofar baya ba. Haka kuma ma'aikata kan zo a ranakun Juma'a a canza musu cekin albashinsu zuwa tsabar kuɗi, a lokacin da hulɗa da banki ke yi musu wuya.

Hidimar da ta fi shahara kuwa a ɗakin bene aka yi ta. Da yake doka ta hana baƙi da fari zama wuri ɗaya su ci abinci, masu fafutukar 'yancin jama'a sun rasa inda za su haɗu su yi shawara, sai iyalin Chase suka buɗe musu ɗakin sama, suna sane da cewa hakan na iya jawo a rufe musu sana'a. Lauya A. P. Tureaud, da Thurgood Marshall wanda ya zama baƙar fata na farko a cikin alƙalan Kotun Ƙoli a 1967, da Oretha Castle Haley, da Ernest Morial wanda ya zama magajin garin New Orleans baƙar fata na farko a 1978, da Martin Luther King, duk sun zauna a gidan. Matasan da suka hau motocin safa a 1961 domin ƙalubalantar wariya a tashoshin kudu, baƙi da fari a haɗe, su ma sun ci abinci a can. Aikin Leah Chase a wannan harka shi ne ta ɗora tukunya, ta kai gumbo da soyayyar kaza sama, ta kuma riƙe sirrin abin da ake tattaunawa, kuma ba ƙaramin aiki ba ne ga mutanen da wasunsu daga gidan yari suke fitowa.

Bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a wuraren cin abinci, gidan bai rasa matsayinsa ba. Leah Chase ta cika bangayensa da zane-zanen masu fasaha baƙaƙen fata irin su Elizabeth Catlett da Jacob Lawrence, ta zauna a kwamitin amintattu na gidan adana kayan fasaha na birnin, ta kuma wallafa littafin girke-girken gidan a 1990. Al'adar da ta fi jawo jama'a ita ce ta ranar Alhamis da ke gabanin bikin Ista, lokacin da ake dafa koren gumbo da ganyaye iri-iri, kamar alayyafo da kabeji da ganyen karas, waɗanda dole adadinsu ya kasance wanda ba ya rabuwa biyu daidai, kamar bakwai ko tara.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a watan Agusta 2005, sa'ad da guguwar Katrina ta fasa madatsun ruwan birnin, ambaliya ta mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na New Orleans, ta kuma lalata gidan abincin da gidan iyalin. Leah Chase, tana da shekara 82 a duniya, ta ƙi barin unguwar. Ita da mijinta suka zauna a ɗakin tafi-da-gidanka irin wanda gwamnati ta raba wa waɗanda bala'in ya shafa, dab da gidan abincin, yayin da abokan sana'a da masu ƙaunarta suka tara gudummawa har aka sake buɗe shi a 2007. Shugaba George W. Bush ya ci abinci a can, haka ma Barack Obama a lokacin yaƙin neman zaɓe na 2008, wanda ta tsawata wa saboda ya zuba ruwan yaji a gumbonta kafin ya ɗanɗana.

Karramawa ta biyo baya. Rayuwarta na cikin abin da kamfanin Disney ya duba wajen ƙirƙirar Tiana, gimbiyarsa baƙar fata ta farko, a wani fim na 2009, sannan a 2016 Gidauniyar James Beard ta ba ta lambar yabo ta hidimar tsawon rai, a shekarar da mijinta ya rasu. Ta ci gaba da shiga madafa tana sa ido kan tukwane har ta haura shekara casa'in, kuma ta rasu ranar 1 ga Yuni 2019 tana da shekara 96. 'Ya'yanta da jikokinta ne ke tafiyar da gidan a yau, kuma a 2021, lokacin da jihar Louisiana ta fara kafa alamomi a wuraren tarihin gwagwarmayar 'yancin jama'a, a ƙofar gidan abincin Dooky Chase aka kafa alama ta farko.