Masu Riƙe da Ɗakin Karatu Ba Albashi

A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ne ɗakunan karatu na jama'a suka bazu a garuruwan Arewacin Nijeriya, kuma ba son littafi ne ya kawo su ba. Gwamnatin Turawa tana so labarin yaƙi ya isa kunnen talakawa ta bakinta, sai aka sa En'e-En'e suka keɓe ɗaki, aka zuba benci da tebur, aka ajiye jaridu da taswira da hotunan fagen daga. Jaridar da ta fi farin jini a wurin ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta.

Masu karatun boko a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka kwafi ɗaya kan ishi taro guda. Malamin elemantare, ko akawun En'e, ko ɗan midil da ya zo hutu, shi zai buɗe jarida ya ɗaga murya, dattawa da 'yan kasuwa su kasa kunne, ana tsayar da shi ana tambayar ina ne Bama, ina ne Habasha, wuraren da aka kai 'ya'yansu soja. Ba wanda ya ɗauke shi aiki don wannan, ba kuma rajistar da ta riƙe sunansa. Duk mai son ba da tarihin aikin sa kai a laburaren Arewa, daga kan wannan mai karanta wa jama'a ya kamata ya faro.

Abin bai zo wa mutane a baƙo ba. Tun kafin boko, malamin zaure yana ba almajiri aron littafi ya kwafa da hannu, mai hali yana ajiye Alƙur'ani waƙafi a masallaci. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru: jajoji, mata dattijai, su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su koyar da 'yan'uwansu mata, lada kawai suke nema. Ginin laburare da kantocinsa sabon abu ne, amma kai wa mutum ilimi har inda yake kyauta tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa.

A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, kuma babban aikinsa shi ne ya farfaɗo da ɗakunan En'e da suka yi sanyi bayan yaƙi. Dabarar ita ce akwatin littattafai: a cika shi a Kaduna, a aika lardi, bayan wani lokaci a dawo da shi a sake zubi. A takarda tsarin ya yi kyau. A ƙasa kuwa, mai tsaron ɗakin sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne da ba a koya masa aikin ba, kuma ya san idan littafi ya ɓata shi za a tuhuma. To me zai sa ya matsa wa mutane su ara? Ga shi yawancin littattafan da Turanci suke. Abin da ya ba ɗakunan rai a waɗancan shekaru shi ne Yaƙi da Jahilci, shirin koya wa manya karatu. Malaman ajin manya mutanen gari ne, tela ko malamin allo ko wanda ya gama elemantare, ana ba su ɗan abin da bai kai a kira shi albashi ba. Hukumar NORLA ta Zariya, kafin a rufe ta a 1959, ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Waɗannan malamai ne suka samar wa ɗakin karatu masu karatu, domin wanda ya iya haɗa baƙi jiya, yau zai nemi abin da zai gwada idonsa a kai.

Daga nan sai zamanin ƙwararru. UNESCO ta yi babban taro a Ibadan a 1953 kan laburaren jama'a a Afirka. Jihar Gabas ta yi dokar hukumar laburare a 1955. Arewa ta gayyato F. A. Sharr, shugaban laburaren Yammacin Ostareliya, wanda ya zagaya ya rubuta rahotonsa a 1963 kan abin da yankin yake bukata. Kafin a yi nisa da shawarwarinsa aka raba Arewa jihohi shida a 1967, aka kasa kayan laburaren Kaduna a tsakaninsu, kowace ta ja nata. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da ilimin laburare, kuma laburaren jama'a na Samaru ya zama wurin da ɗalibanta suke gwada hannu a kan masu karatu na gaske, yaran unguwa da iyayensu.

Ƙwarewa ta kawo tsari, wannan babu musu. Amma ta kawo wani abu da 'yan sana'ar ba su cika son faɗa ba: an fara yi wa ɗan gari kallon wanda zai ɓata kanta, maimakon wanda zai taimaka. Laburare ya zama ofishin gwamnati, ana buɗewa lokacin da mutane suke wurin nema, ana rufewa lokacin da suka samu sarari.

Matsin tattalin arziki ne ya sake buɗe ƙofa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sayen littafi daga waje ya gagari jihohi, ɗaukar ma'aikata ta tsaya. Abin da ke shigowa sai kyauta, irin ta ƙungiyar Ranfurly ta Ingila, wadda aka kafa a 1954 kuma yanzu ake kira Book Aid International. Wanda bai taɓa karɓar irin wannan kaya ba zai ɗauka da an sauke kwali an gama. Ina! Sai an buɗe an tace, a ware wanda zai yi amfani da wanda ba ruwan kowa da shi a nan. Kowane littafi sai an buga masa hatimi, an ba shi lamba a babbar rajista, an nemo masa gurbi a tsarin Dewey, an rubuta lambar a ɗan farin kati an manna a gadon bayansa, an liƙa aljihun katin aro a cikin bango. Littattafan Musulunci suna 297, tarihin Nijeriya yana 966.9, adabin Hausa yana 893.72. Zaɓen lambar aikin ƙwararre ne, amma sauran duka hannu suke bukata, kuma hannun da aka samu shi ne na masu yi wa ƙasa hidima, shirin da aka fara a 1973, da ɗaliban da suka zo koyon aiki, da malaman makaranta da suka yi ritaya gida ya ishe su da zama.

Akwai kuma aikin da ba a gani sai an daina yin sa. Bin kanta littafi bayan littafi a tabbatar kowanne yana mazauninsa, domin wanda aka soka a gurbin da ba nasa ba ya ɓata ko da yana cikin ginin. Kaɗe ƙurar hunturu da ke shiga tsakanin shafuka. Leƙa bayan kanta a ga ko gara ta fara gini. Janye littattafai daga inda rufi ke yoyo da damina. Ɗinke wanda ya ɓalle da zare da allura, a shafa gam, a danne shi da nauyi ya kwana. Ma'aikaci ɗaya ko biyu a reshen ƙaramar hukuma ba za su iya wannan su kuma kula da masu shigowa ba.

A daidai wannan lokaci kuma karatu ya ɓarke a wani wuri dabam. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka shiga buga littattafansu da kansu, ƙungiyoyi irin su Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka fito, shagunan hayar littafi suka cika unguwanni, matan aure suna aiken yara su karɓo na ɗaya su mayar su karɓo na biyu. Mai shagon haya ya san abin da kowace mai karatu take so. Laburaren gwamnati kuwa ya daɗe yana ɗaga wa waɗannan littattafai hanci, kuma wannan kuskure ne babba, domin ya bar dubban masu karatu a waje. Marubutan ne da kansu suka rage tazarar. Reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA ya riƙa zaman karatu a laburaren Murtala Muhammad, inda matashi zai karanta labarinsa a gaban manya a yi masa gyara, ba a biyan mai gyaran, ba a cajin mai karatun.

A Nijar an bi wata hanya da ta cancanci a duba. Cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC, shirin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka fara a 1986, an gina su ne kan rabon aiki: gari ya ba da ɗaki, ƙungiya ta kawo littattafai da kayan wasa, 'yan gari, galibi malaman makaranta, su riƙa gudanarwa. Wato tun a tsarin an san da ɗan sa kai, an kuma tanadar masa horo.

Yau wanda ya shiga laburaren jiha da safe zai tarar da matasa masu shirin WAEC da NECO da JAMB, yawancinsu da littattafansu suka zo. Kujera suke nema, da fanka, da shiru, da inda za su sa cajin waya. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yana iya faɗuwa jarrabawar da ya san amsarta, kuma ɗalibin jami'a da zai zauna da shi awa biyu ranar Asabar ya raba shi da wannan tsoro ya yi masa abin da kuɗin lasin ba lallai su yi ba. Haka uwar da za ta tara yara a tabarma ta karanta musu Magana Jari Ce. Yaron da gidansu babu littafi ko ɗaya sai na makaranta, a nan zai fara jin cewa karatu yana da daɗi.

Sai dai kada gwamnatoci su fake da wannan. Ɗan sa kai ba zai sayi sababbin littattafai ba, ba zai gyara rufi ba, ba kuma zai maye gurbin ƙwararren ma'aikacin laburare da wata doka ta 1995 ta kafa hukumar yi wa rajista ba. Abin da ake nema daga hukumomin laburare na jihohi bai da tsada: rajistar masu sa kai, horon kwana biyu, tantance duk wanda zai zauna da yara, kuɗin mota ga wanda ke zuwa daga nesa, da takardar shaida da matashi zai nuna ranar neman aiki. Mai karatu kuma da yake da Asabar ɗaya a wata, malami ne da ya ajiye alli ko ɗaliba da ke hutu, ya je laburaren da ya fi kusa da shi, ya nemi shugaban wurin, ya tambaye shi wane aiki ne ya fi jiran hannu.