Rabon Adireshin Intanet: Daga Kalifoniya zuwa Wudil

Duk na'urar da za ta hau intanet sai da lambar adireshi, kuma tsarin IPv4 da aka fitar a 1981 adireshi kusan biliyan 4.3 kaɗai yake ɗauka. Da fari Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ke riƙe da kundin rabo, kuma hannu sake ake bayarwa: jami'ar MIT da kamfanin Ford kowannensu ya samu sama da miliyan 16. Da aka hango ƙarewar adireshin, sai aka kafa hukumomin yankuna. A 1996 aka rubuta sharaɗi cewa mai nema don amfanin kansa sai ya nuna zai yi aiki da kashi 25 cikin ɗari nan take, rabi kuma cikin shekara.

Afirka ba ta samu tata hukumar ba sai 2005, lokacin da aka amince da AFRINIC mai hedikwata a Morishus. Kafin nan Nijeriya a hannun hukumar RIPE NCC take, can Amsterdam. Ke nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, take kuma ɗauke da sunan Aliko Ɗangote yanzu, ta girmi hukumar.

Cibiya irin wannan hanya biyu gare ta. Ko ta ari adireshi daga kamfanin da ke ba ta intanet, ta mayar ranar da suka rabu, ko ta zama mamba a AFRINIC, ta gabatar da tsarin na'urorinta, ta riƙa biyan kuɗin shekara, ta samu nata, waɗanda ba sa canzawa ko ta sauya kamfani.

A Fabrairun 2011 babban rumbun adireshin IPv4 na duniya ya ƙare. AFRINIC ta fara tsuke rabo a 2017, kuma daga Janairun 2020 ba ta ba mai nema fiye da 1,024 a karo guda, mafi ƙaranci 256. Neman hujjar buƙata daidai ne, amma nauyin ɓarnar farko a kan waɗanda suka zo daga baya ya sauka. Misali, mai sayar da shanu a karar Wudil ran Juma'a, wayarsa kan yi tarayya da wasu masu yawa a adireshi ɗaya na MTN ko Airtel. A sabon tsarin IPv6 kuwa, kason da AFRINIC ke ba cibiya guda yana rabuwa gida 65,536.