Koren 1954: Dalilin Tayar da Tsofaffin Talabijin Masu Kala

A ranar 25 ga Maris, 1954, masana'antar kamfanin RCA da ke Bloomington a jihar Indiyana ta Amurka ta fara fitar da akwatin talabijin mai kala da aka sa wa suna CT-100. Kuɗinsa dala 1,000, kusan rabin kuɗin sabuwar mota a wancan lokaci, ga shi hoton da yake nunawa wajen inci 12 ne kacal, shirye-shirye masu kala kuwa sai jefi-jefi. Kasuwa ta ƙi karɓarsa, kafin shekara ta ƙare an karya farashinsa zuwa dala 495. Waɗanda aka ƙera ba su kai 5,000 ba, waɗanda aka san inda suke a yau kuwa ɗari da 'yan kai ne, a cikinsu ma kaɗan ne ke kawo hoto. A kan waɗannan akwatuna da ire-irensu akwai tsohuwar muhawara tsakanin masu tara su: a bar su yadda aka same su, ko a buɗe bayansu a gyara har su kama? Ra'ayina shi ne a gyara, domin shaidar tarihin da ke cikinsu launi ne, launin kuwa ba ya bayyana sai akwatin yana kunne.

Kafin CT-100 an yi rikici mai zafi kan tsarin kalar da za a bi. A 1950 hukumar sadarwa ta Amurka ta amince da tsarin kamfanin CBS, wanda Peter Goldmark ya jagoranci haɗa shi. A tsarin, wani faifai mai sassan ja da kore da shuɗi ne ke juyawa a gaban hoton baƙi da fari, sau 1,440 a minti ɗaya, idon mai kallo ya haɗa launukan da kansa. An fara watsa shirye-shirye da shi a Yuni 1951, aka tsaya a Oktoba, lokacin da gwamnati ta nemi a dakatar da ƙera akwatunan kala saboda yaƙin Koriya. Babban aibinsa shi ne miliyoyin akwatunan baƙi da fari da ke gidaje ba sa iya kama shi. Tsarin NTSC da aka amince da shi a ranar 17 ga Disamba, 1953 ya warware wannan, don ya saƙa bayanin launi a cikin siginar da tsohon akwati ke iya nunawa a baƙi da fari. Littattafai sukan ba da labarin faifan CBS kamar wani shirme da aka yi aka wuce. Amma masu gyaran da suka tayar da irin waɗannan akwatuna, har suka ƙera na'urar da ke ba su sigina mai layi 405 irin tasu, sun nuna cewa launinsu yana da tsabta ƙwarai, kuma hakan ya sa aka fahimci abin da hukumar ta gani har ta zaɓe shi. Dabarar faifan ma ba ta mutu ba, da ita kyamarorin kumbon Apollo suka aiko da hoto mai kala daga sararin samaniya.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin kwalbar hoton CT-100, mai lamba 15GP22. A wuyanta akwai bindigogin ilaktaron guda uku, a gabansu farantin ƙarfe mai dubban ƙananan huda kamar rariya, sai kuma wani faranti da aka ɗiɗɗiga wa hodar fosfo mai ba da haske ja da kore da shuɗi. Hodar da aka yi amfani da ita ta yi daidai da launukan da ƙa'idar 1953 ta tsara, musamman koren, wanda yake da zurfi sosai. Matsalarsa rashin haske: hoton yana so a rage fitilar ɗaki. Mai saye a kanti kuwa akwatin da ya fi haske yake nunawa da yatsa, saboda haka kamfanoni suka koma ga hodar da ta fi walƙiya, korenta ya karkata zuwa rawaya. A hankali gidajen talabijin suka daidaita na'urorinsu da wannan sabon kore, aka mai da shi ƙa'ida, kuma launukan da allon kwamfuta na yau da kullum ke bi sun fi kusa da shi. Ma'anar wannan ita ce ko an ɗauki hoton CT-100 yana aiki an ɗora a intanet, irin wannan allo ba zai iya nuna koren da ke fitowa daga kwalbar ba. Duk mai son sanin abin da injiniyoyin 1953 suke nufi da kore sai ya tsaya a gaban akwatin da ke kunne.

Wani zai ce ai shirye-shiryen ne tarihi, akwatin abin kallo ne kawai. To, na shekarun farko babu su a yadda suka fita. Faretin furanni na Pasadena da NBC ta watsa da kala a faɗin ƙasar ranar 1 ga Janairu, 1954 ya wuce kafin a fara amfani da tef na bidiyo a gidajen talabijin. Tef mai kala mafi tsufa da aka sani shi ne na 22 ga Mayu, 1958, inda Shugaba Eisenhower ya buɗe ginin tashar NBC a Washinton. Abin da ya rage daga tsakanin nan yawanci fim ne na baƙi da fari da aka ɗauka daga fuskar allo. Akwai kuma tsohon zargin da ake yi wa NTSC, cewa launinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, fuskar mutum yanzu ja anjima kore. Zargin yana da tushe, kuma don magance shi Walter Bruch ya haɗa tsarin PAL a Jamus, wanda aka fara a Turai a 1967, shi ne kuma ya iso Nijeriya lokacin da gidan talabijin na Binuwai-Filato a Jos ya fara kala a tsakiyar shekarun 1970. Sai dai idan aka bai wa gyararren akwatin 1954 tsabtatacciyar sigina, launinsa yana zama daram. Wannan gwaji ne ke raba laifin akwati da laifin doguwar hanyar da sigina ke bi daga tasha zuwa eriya, kuma ba ya yiwuwa da akwatin da ba ya aiki.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu adana kayan tarihi: duk abin da aka canza wa sassa ya daina zama na asali. Yana da kyau a duba abin da ake canzawa. Idan aka zaro cikin CT-100 aka kifa shi a kan tebur, ban da bawul 36 da ke sama, za a ga ƙasan cike da kwandansa na takarda da aka lulluɓe da kaki, sun yi baƙi, wasu kakin ya narke ya kama ƙura. Shekaru saba'in sun sa danshi ya shige su, suna zurarar da wuta inda bai kamata ba. Wanda ya jona irin wannan akwati kai tsaye yana iya ƙona tiransifomar da babu madadinta a ko'ina. Su kwandansan kuwa kayan kasuwa ne, mai gyara na shekarun 1950 ma yakan cire su ya jefar. Ƙwararru a yau sukan ɗumama tsohon, su zare cikinsa, su cusa sabo a kwalinsa na asali, su sake rufe bakin da kaki. Sukan ɗauki hoton kowane lungu kafin su narka dalma ko ɗaya, su ajiye abin da suka cire a cikin akwatin, sannan su ƙara wutar sannu a hankali suna lura da hayaƙi ko wari. Wannan aiki ne da za a iya bin sawunsa. Wanda na ƙi shi ne na mai zare cikin gaba ɗaya ya dasa allon zamani a katakon, domin ya zubar da duk abin da ake nema.

Ana kuma cewa kowace sa'a da aka kunna kwalbar an rage mata kwana. Gaskiya ne, bindigogin suna gajiya. Amma 15GP22 tana da wani ciwo da ba ruwansa da kunnawa: an haɗa gabanta da bayanta ne da bakin ƙarfe, kuma ta wannan mahaɗi iska ke sulalawa ciki. Alamarta a bayyane take, tabon azurfa da ke jikin gilashin wuyan yakan koma fari. Kwalabe da yawa sun mutu a haka suna ajiye a ɗakin ƙasa, ba wanda ya ga hotonsu ko sau ɗaya. Tun da ajiya ba ta tsare su, kunna akwati na ɗan lokaci a gaban masu kallo da masu awo ya fi barin sa ya lalace a rufe. Na yarda cewa samfurin gwaji da shi kaɗai ya rage a duniya a bar shi yadda yake, kuma ya dace a bar wasu 'yan CT-100 ba a taɓa ba don a riƙa kwatantawa. Aikin kuma ba na ɗan koyo ba ne, domin wutar da ke kan kwalbar ta kusa volt 20,000, kuma takan zauna a ciki bayan an kashe.

Abin da ya fi damuna shi ne sana'ar sabunta kwalba. A da akwai kamfanoni masu yanke wuyan kwalba, su liƙa sababbin bindigogi, su zuƙe iskar a cikin tanda mai zafi su rufe. Na ƙarshe a Amurka, Hawkeye a jihar Ayowa, ya rufe a 2010, RACS na Faransa ya bi baya a 2013. Gidan tarihin tsofaffin talabijin da ke Hilliard a jihar Ohayo, wanda Steve McVoy ya kafa, ya karɓi irin waɗannan injina don kada sana'ar ta ɓace. Injin kaɗai ba ya isa, sai da hannun da ya san yadda gilashi ke laushi a kan wuta da irin saurin da zai huce bai tsage ba, kuma mutanen da suka yi wannan aiki shekara da shekaru sun manyanta. Kuɗin da masu tara akwatuna ke zubawa a wajen gwanjo, da za a karkatar da wani kaso nasa ga horar da matasa biyu ko uku a gaban wannan tanda, da ya fi amfanar akwatunan da suka riga suka saya.