Mene ne ma'anar "send to Coventry" a harshen Ingilishi?

Ƴan makaranta masu shirin jarabawar BAC da masu sauraren labarun ƙetare kan ci karo da wannan magana, kuma fassara ta kai tsaye tana ɓad da mutum. Coventry, wanda ake furtawa Kobantiri, birni ne a tsakiyar Ingila, kusan kilomita 30 daga Birmingham. To amma idan Baturen Ingila ya ce "they sent him to Coventry", ba tafiya aka yi ba. Mutumin yana nan inda yake, sai dai jama'a sun haɗa baki sun daina yi masa magana: ba gaisuwa, ba amsa sallama, ba zama wuri guda. Mu a Hausa sai mu ce an mai da shi saniyar ware.

Labarin da aka fi bayarwa kan asalinta yana komawa ga yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na 1 da majalisar dokoki. Coventry tana bayan majalisa. Wai sojojin sarki da aka kamo ana kai su can a tsare, mutanen gari kuwa ko kallo ba su ishe su ba.

Daga baya maganar ta yi ƙarfi a masana'antu. Ma'aikacin da ya ƙi shiga yajin aiki, abokan aikinsa sai su yi masa wannan horo, har wata da watanni. Fim ɗin The Angry Silence na 1960 a kan irin wannan aka yi shi.

Mu lura da abu biyu wajen amfani da ita. Na farko, aikin taro ne. Idan mutum biyu ne suka daina magana, wannan gaba ce, ba a kawo Coventry a ciki. Na biyu, maganar ƴan Birtaniya ce. Ba'amurke ya fi cewa "the silent treatment".

Kuma fa ba maganar raha ba ce. A wuraren aiki na Birtaniya a yau, ana lissafa irin wannan wariya cikin cin zali. Saboda haka idan wani ɗan uwa da ke can ya ce haka aka yi masa, kada mu tambaye shi hanya, mu tambaye shi lafiya.