Daga Zango Zuwa Tasha: Illo da Layin Dogon da Bai Iso ba

Kalmar "jirgi" ta girmi layin dogo a bakin Bahaushe. Kwalekwale ya fara kira da ita, kafin daga baya ya ce jirgin ƙasa. A ƙasar Bagudo ta Jihar Kabi har yau kalmar tana nan kan ma'anarta ta asali, domin jirgin da ke kan kogin Kwara shi kaɗai mutanen wurin suka gada. Na ƙasa bai taɓa isowa ba, amma kuwa yana cikin abubuwan da suka sauya musu tarihi.

A ƙarni na 19 garin Illo, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo a yanzu, yana daga cikin mashigan da fataken goro ke bi su ƙetare Kwara. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, madugu na gaba, a haye ruwa, a ratsa ƙasar Bargu har a dangana da Salaga ta Gwanja. Wato hanya ce da ta haɗa gabas da yamma, kowane zango kuma yana cin arzikinta: mai masauki, da dillali, da mai fito. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya raunana ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta mai da ita bakin iyaka. Sai dogo ya iso Kano a 1911, aka haɗa shi da Ikko a 1912. Daga nan goro ya koma bin teku zuwa Ikko, a ɗora shi a jirgi, ya iso Arewa cikin 'yan kwanaki maimakon watanni. Zango ya mutu, tasha ta gaje shi.

Abin lura shi ne, Turawa ba su shimfiɗa dogo don haɗa ƙasashenmu da juna ba. Yawancin manyan layukan daga gaɓar teku suka taso, don kwashe gyaɗa da auduga da fata. Reshen da ya fito daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaurar Namoda a 1929. Na Faransawa da ya taso daga Kwatano ya tsaya Parakou a 1936, saura fiye da kilomita 300 ya kai Kwara, sai motoci ke ƙarasawa da kaya zuwa Malanville da Gaya. Ko da ma layukan biyu sun haɗu, ba za su karɓi tarago ɗaya ba: faɗin na Dahome mita ɗaya ne, na Nijeriya ƙafa 3 da inci 6. A ganina wannan ɗan bambanci ya fi dogon bayani nuna manufar mulkin mallaka.

Bayan samun 'yanci ma ba ta canza zane ba. Tsakanin 2014 da 2016 kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, da niyyar ya sadu da na Parakou, amma aikin ya tsaya cik. A 2018 Maroko ta buɗe jirgi mai gudun kilomita 320 a awa daga Tanja, wanda shi ma bakin teku yake bi zuwa Kasabalanka. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 shi ne zai ƙetare iyaka tsakanin Hausawa da Hausawa, sai dai yana can gabas, nesa da Illo da Lolo da Tsamiya.